Ƙofa Ta Sha Bakwai

Jama'a, ku matso kusa, yau bakina cike yake da magana kuma ban san ta inda zan fara ba. A gurguje nake rubutu, duk wanda ya ga harafi ya tsallake ya yi mini uzuri. Ku kuma masu cika mini waya da saƙo kuna cewa "ki amsa wa Injiniya ki huta, irin wannan mijin ba a tsintarsa sau biyu," ku karanta wannan har ƙarshe tukuna, sai mu zauna mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: shekarata ashirin da bakwai, ni ce babba a gidanmu, aikina kuma kula da intanet da wayoyin sadarwa na wani bene mai hawa huɗu. Kemis ne a ƙasa, lauyoyi a samansu, sai masu gwajin jini, sai kamfanin Injiniya da ke sayar da kyamarori da kayan tsaro. Ofishina wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, babu taga, sai esi mai sanyi kamar firij, da tebur, da kujera mai juyi, da durowar ƙarfe cike da wayoyi da fitilu masu ƙyaftawa. Injiniya shi ne mutumin da ya yi wata bakwai yana nemana. Ranar Asabar manyansa za su zo wurin Abba. Abba ya ce ba zai yi mini dole ba, amma kafin Juma'a yana son jin e ko a'a daga bakina. Yau Laraba, kuma da safiyar nan da e ɗina na fita daga gida.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Yana da tsafta, ga sanyin murya, ga shi ya san aikina, ba irin mazan da ke tambayata ko gyaran rediyo nake yi ba. Abin da ya fi tafiya da ni kuwa shi ne yadda yake sanin halin da nake ciki tun kafin in faɗa. Ranar da kaina ya dame ni na kifa shi a kan tebur, ko rabin awa ba a yi ba sai ga saƙonsa: "Gimbiya, jikina ya ba ni ba ki da lafiya yau. Na bar miki magani a kemis." Ranar da sanyin esi ya ishe ni na dunƙule cikin mayafi, washegari sai ga rigar sanyi mai ruwan toka a cikin leda. Wata rana ina waya da ƙawata na ce mata na gaji da turaren da nake sawa, kwana biyu tsakani ya kawo mini sabo. Na ce masa, "Kai, aljani gare ka ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Zuciya ce, tana gani." Ni kuma doluwa na koma gida ina ta juyi a gado ina maimaita maganar.

Da safen nan na tarar da Mama a falo ta sauke labule za a wanke saboda baƙin Asabar. Kujeru an ture su tsakiya, an naɗe kafet, Abba yana zaune a gefe da kofin shayinsa kamar baƙo a gidansa. Na saka doguwar riga shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa farin mayafi, na rataya jakar kwamfutata.

Mama ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan mayafin, idan kin je ki bar shi a jikinki. Ba sai kin rataye shi a bayan kujera ba."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Mama, wa ya ce miki ina ratayewa?"

"Ni na haife ki, sai an gaya mini?"

Abba ya yi dariya ya ce, "Ki rabu da ita, Uwata. Tun da aka kawo mata wayar nan ta zama 'yar jarida."

Wayar da yake nufi Injiniya ne ya kawo wa Mama ita wata huɗu da suka wuce, babba mai faɗin fuska. Mamar da a da sai an kira ta sau uku kafin ta nemo waya a cikin kwandon ɗinki, yanzu ko kicin za ta shiga tana hannunta. Muna tsokanarta, tana cewa karatu take saurare.

Ta biyo ni har bakin ƙofa ta rage murya. "Kada ki ja wa mutane rai. Ƙannenki biyu suna bayanki. Yaron nan ya san darajarki fiye da yadda kike tsammani."

Na ce, "Na ji, Mama," na fita ina murmushi.

To yanzu ku ba ni minti biyu in yi muku bayanin aikina, don in ba haka ba ba za ku gane abin da ya same ni ba. A cikin durowar ƙarfen nan akwai wani akwati da muke kira suwic. Yana da ramuka ashirin da huɗu a jere, kowanne ana cusa masa waya, ni ƙofofi nake ce musu. Duk mutanen benen waya ɗaya suke hawa, amma bai kamata lauya ya ga takardun mai gwajin jini ba, ko mai kemis ya leƙa na lauya. Saboda haka muke raba su gida-gida a cikin suwic ɗin. Wannan rabon shi ne VLAN, mu a baki bilan muke cewa. Duk saƙon da ya fito daga kemis, suwic zai manna masa lamba goma. Na lauyoyi ashirin, na masu gwajin jini talatin. Wannan lambar ita ce tag. Mai lamba goma ba zai taɓa fita ta ƙofar mai lamba ashirin ba, ko da a waya ɗaya suka yi tafiya.

Shi kuwa Injiniya nasa daban ne. Yana da nasa bilan-bilan a kamfaninsa, yana kuma so su wuce ta cikin suwic ɗinmu zuwa sitonsa da ke tsallaken titi ba tare da sun cakuɗa da namu ba. Sai muka yi masa abin da ake kira tanel. Duk abin da ya turo da lambarsa a jiki, sai mu ƙara masa tamu lambar a kai, ɗari uku, kamar ka ɗauki ambulan ɗin mutum a liƙe ka saka shi cikin naka ambulan. Suwic ɗinmu na waje kawai yake karantawa, ba ruwansa da abin da ke ciki. A kan aikin tanel ɗin nan ma muka saba, shi yana sama ni ina ƙasa muna waya, "Ya zo?" "Bai zo ba." "Yanzu fa?" Ranar da saƙon gwajin ya zo ya ce mini, "Ban taɓa ganin macen da ta gama wannan aikin kafin shayi ya huce ba." Tun daga ranar ya sami gurbi.

Wata huɗu da suka wuce esi ya mutu a ƙarshen mako, ɗakin ya yi zafi har suwic ya kashe kansa. Litinin Injiniya ya sauko da wani ɗan farin akwati mai kamar murfin kwano. Ya ce na'urar auna zafi ce, idan zafi ya yi yawa za ta turo masa saƙo shi kuma ya sanar da ni. Da kansa ya hau kujera ya ɗaura ta a saman ƙofar ɗakin. Ya ce, "Na riga na saita ta, ke dai ki jefa mini ƙofarta ta suwic cikin tanel ɗina." Oga, dattijon da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sha gaya mini kada in taɓa saka wani abu na ɗakinmu cikin tanel ɗin ɗan haya, domin abin da ya shiga can ya fita daga idonmu. Na san dokar sarai. Amma Injiniya ne fa, ga ƙamshin turarensa ya cika ɗakin, ga shi yana sharce gumi saboda ni. Na cusa wayar a ƙofa ta sha bakwai, na saita ta da yatsuna, ban ma gaya wa Oga ba.

Yau da na iso, Oga yana tsaye a bakin ɗakin da tabaransa a goshi, yana neman tabaran.

Na ce, "Oga, yana kanka."

Ya shafo shi ya ce, "Na sani, gwada ki nake yi. 'Yata, jibi za a kawo sabon suwic. Ina so ki bi ƙofofin tsohon ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta mini kowacce da mai ita. Wadda ba ki gane mai ita ba, kin san magani."

"In yanke ta."

"Ki yanke ta ki zauna kusa da waya. Layi ba ya rasa mai shi. Wanda ya fara ihu, nasa ne."

Wannan ita ce dabarar Oga tun kafin a haife ni, gwajin ihu yake ce mata. Ya wuce wurin lauyoyi, ni kuma na rufe ƙofa, na cire mayafi na rataye a bayan kujera kamar kullum, na zare takalma, na buɗe kwamfuta.

Kowace ƙofa tana da ma'aunin da ke nuna yawan abin da ya bi ta cikinta. Ina bi ina rubutawa, ina 'yar waƙata. Ta ɗaya, kemis. Ta biyar, na'urar buga takardu ta lauyoyi. Ta sha biyu, babu komai, gizo-gizo ma ya yi saƙa. Da na zo ta sha bakwai sai na ga lambar ta yi tsawo har ta kusa fita daga layi. Na goge idona na sake dubawa. Abin da ya fita ta wannan ƙofar a wata huɗu ya fi na kemis da lauyoyi a haɗe.

Na ce a raina, ikon Allah. Na'urar auna zafi me za ta faɗa haka? Aikinta ta ce "zafi kaza" sau ɗaya a minti ta yi shiru. Wannan kuwa zuba take yi babu tsayawa, dare da rana, kamar famfon da ya lalace. Na fara zaton ko ta sami matsala ne, har na ɗauki waya zan gaya wa Injiniya. Sai kuma na ajiye, na ce bari in leƙa ambulan ɗin tukuna.

Akwai hanyar da muke sa suwic ya kwafo duk abin da ke bin wata ƙofa ya zubo mana a kwamfuta. Na yi hakan. Saƙonni suka fara gangarowa, kowanne da tag biyu: ɗari uku a waje, nawa, wanda na manna da hannuna, sai saba'in da bakwai a ciki, nasa. Na dubi irin saƙon. Na san wannan zubin, kullum ina ganinsa a layin kyamarorin bakin get. Na tara na minti ɗaya, na buɗe shi da manhajar kallon bidiyo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsakiyar kaina na fara gani. Ɗankwalina ya zame baya, kitsona a waje. Ga shuɗiyar rigata, ga farin mayafi a bayan kujera, ga takalmana ɗaya ya kife. Ga ni zaune ina kallon kwamfuta. Sai kuma na ji muryata ta fito daga sifika, 'yar waƙar nan da nake yi ɗazu, har da inda na yi tari.

Na yi mutuwar zaune. Wallahi ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Wuyana ya sage don na san abin yana saman ƙofa a bayana yana kallon ƙeyata. So nake in waiwaya, amma wani abu ya ce mini kada ki kuskura, idan kin kalle shi ya san kin sani.

Wata huɗu, jama'a. Ku san me mace take yi a ɗakin da ta tabbata ita kaɗai ce, ta murɗa makulli da hannunta. A nan nake sallah. A nan nake cin abinci da hannu ina lashe yatsu. A nan na sauya riga ranar da ruwa ya dake ni a hanya. A nan na yi kuka ranar da muka yi faɗa da Mama, har da majina. A nan nake miƙe ƙafa a kan tebur in yi waya da ƙawata, in gaya mata abin da ko matashin kaina ban gaya wa ba, har da yadda nake ji idan Injiniya ya kira ni Gimbiya. Ciwon kai, rigar sanyi, turare, duk suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Zuciya tana gani, in ji shi. Ashe zuciyar tasa waya gare ta, kuma ni na cusa mata wayar.

Kunya ta fara kama ni kafin fushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa hannu a hankali na jawo mayafin na lulluɓe har goshi, kamar mai jin sanyi, na saka takalma, na fita ba tare da na ɗaga kai ba.

A kan matakala na tare Oga. Yana ganin fuskata ya ce, "Subhanallahi, wa ya mutu?"

"Oga, na karya dokarka."

"Wacce daga ciki?"

Na gaya masa komai.  Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya zauna a kan matakala da fararen kayansa.

Ya ce, "A ɗakina? A ɗakin da na ba ki makulli na ce wa mahaifinki ya kwantar da hankali?"

"Laifina ne, Oga. Ni na buɗe masa."

"Laifinki za mu yi maganarsa, ba zan ce ba ki da shi ba. Amma wanda ya ba ki kwano a rufe ya ce zuma ce, shi ya san abin da ya zuba." Ya miƙe yana huci. "Yanzu zan hau in ci kwalarsa a gaban yaransa, in yanke tanel ɗin gaba ɗaya, ya kwashi komatsansa."

Na riƙe hannun rigarsa. "Idan ka hau zai ce kuskure ne. Zai ce yaron shagonsa ne ya ɗauko wadda ba ita ba, shi bai ma taɓa buɗewa ba. Kuma Oga, na san kaina, zan iya yarda. Ina so in ji da kunnena."

Ya dube ni. "Gwajin ihu?"

"Idan da gaske zafi yake aunawa, ba zai lura ba sai ranar da esi ya mutu. Idan kuma kallo yake yi, yanzu zai kira."

Oga ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ina nan bakin ƙofa. Kada ki adana canjin tukuna, sai mun ga abin da ya fito."

A aikinmu, idan ka canza wani abu a suwic ba ka adana ba, da an kashe an kunna zai koma yadda yake. Sai ka danna adanawa yake zama dindindin.

Na koma ciki na zauna. Na ajiye wayata a kan tebur, fuskarta sama. Na rubuta umarnin rufe ƙofa ta sha bakwai, na ɗora yatsa a kan maɓalli. Sai na juya kujerar, karo na farko, na ɗaga kai na kalli farin akwatin. Ga ɗan baƙin ɗigo a gefensa, bai kai ƙwayar gero biyu ba, wata huɗu ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Na zuba masa ido, hawaye suna zubo mini, ban share ba. Ina so hoton ƙarshe da zai gani ke nan. Ina kallonsa na danna.

Koriyar fitilar ƙofa ta sha bakwai ta mutu. Ƙarfe sha biyu da minti goma.

Ku yarda da ni, a cikin mintunan nan addu'a nake yi kada wayar ta yi ƙara. Ina cewa Allah ka sa kuskure ne, Allah ka sa ba ya kallo, in cire abin in jefar in amsa wa Abba da e ɗina. Minti ɗaya ya wuce. Biyu. Oga ya leƙo, na girgiza masa kai. Uku. Har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai wayar ta ɗauki ruri, tana zagaya a kan tebur. Na runtse ido, na buɗe, na duba sunan.

Mama.

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce labule ne, ko tana so in biya in sayo mata wani abu. Na gyara murya na ɗauka. "Mama, ina wuni. Ina cikin aiki, zan kira ki an..."

"Ke! Lafiyarki? Me ya same ki?" Muryarta a sama, tana haki kamar ta yi gudu.

"Lafiya lau, Mama. Me ya faru?"

"Kar ki ce mini lafiya! Kuka kike yi! Kin daskare wuri ɗaya kina kallon sama, ko motsi ba kya yi, na girgiza wayar na girgiza, na ɗauka wani abu ne ya..."

Ta tsaya. Ni ma na tsaya. 

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na dafa tebur. Na ce, a hankali ƙwarai, "Mama, a ina kika ga ina kuka?"

Na ƙara matse wayar a kunnena.

"Mama, a ina kika gan ni?"

"Ki saurare ni," ta ce, muryar ta sauka. "Ki saurare ni kafin ki ɗauki zafi irin na dangin ubanki. Ke mace ce, kina wuni a ɗaki a kulle, gini cike da maza. Kin san abin da mutane ke faɗa mini? Kin san sau nawa aka zo neman aurenki aka ji inda kike aiki aka janye? Na gaya wa yaron nan damuwata, ya ce Mama kwantar da hankalinki, akwai hanya."

"Ke kika ce ya saka?"

"Ni na ce, shi ya saka. Don in riƙa ganinki ne, in san kina lafiya. Uwa ce ni."

"Shi fa? Shi ma yana gani?"

Ta ce, "To ai ta wurinsa yake biyowa kafin ya zo wayata."

"Mama, na sauya kaya a ɗakin nan."

"Ya rantse mini ranar ya kashe nasa."

 Oga yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai, ya kawar da kai yana kallon bango.

Mama ta ci gaba, har da ɗan farin ciki a muryarta, kamar mai ba ni albishir. "Ke ba ki san alherin da abin nan ya yi miki ba. Danginsa sun so su hana shi, suka ce macen da ke aiki cikin maza ba a san halinta ba. Shi ya tsaya ya ce ya gani da idonsa. Wata huɗu bai ga namiji ya zauna a ɗakin nan ba sai dattijon nan, bai ga kin bar sallah ba. Shi ya sa za su zo Asabar. Kin ci jarrabawa, 'yar nan, kin fitar da ni kunya."

Jarrabawa. Ni ina can ina juyi a gado ina cewa na sami mai karanta zuciyata, ashe maki ake ba ni.

Na ce, "Da na faɗi fa, Mama? Da ya ga abin da bai yi masa ba, da wa zai nuna wa?"

 Ta ce, "Ki mayar da shi yadda yake kafin ya lura. Asabar kawai za mu kai, bayan nan a cire. Kuma don girman Allah kada Abbanki ya ji. Bai sani ba. Idan ya ji, ba aurenki kaɗai zai taɓu ba."

Wayar ta yi ƙara a kunnena, wani kiran yana shigowa. Na duba. Injiniya. Bayansa saƙo ya faɗo: "Gimbiya, na'urar zafin nan ta daina magana. Kina ciki? In sauko in duba?"

Minti bakwai. Shi ma ya yi nasa ihun, cikin ladabi.

Mama tana ta kiran "Kina jina? Ke, kina jina?" Na ce, "Ina jinki, Mama." Na jawo kwamfutar gabana. Akwai wurin da muke rubuta bayanin kowace ƙofa don wanda zai zo bayanmu. A gaban ta sha bakwai na goge "na'urar zafi" na rubuta: A RUFE, KADA A SAKE BUƊEWA. Na dubi Oga. Ya gyaɗa mini kai sau ɗaya. Na danna adanawa.

Oga da kansa ya hau kujera, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya kwance farin akwatin ya miƙo mini. Ɗumi gare shi kamar abu mai rai. Na saka shi a jaka, na ja zif. Muna jin takun takalmi yana saukowa daga sama, taku mai natsuwa da na sani ko cikin barci. Oga ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannuwa, ya ce mini, "Bi ta ƙofar baya. Wannan nawa ne."

Yanzu haka ina zaune a kan benci a gaban shagon Abba, jakar tana kan cinyata, a nan na rubuta muku duk wannan. Mama ta kira sau tara. Saƙonta na ƙarshe yana nan ban share ba: "Ki ce masa a'a kawai in kin ga dama, amma kada ki faɗi dalili. Ki rufa mini asiri, ni na rufa miki naki shekara ashirin da bakwai."

Abba ya sallami mai sayayya na ƙarshe, ya leƙo ya gan ni. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "A'a, Uwata da rana tsaka? Ba ki ma jira Juma'ar ba? To shigo, shigo ki faɗa mini." Sai idonsa ya sauka a kan hannuna da ke riƙe da zif. "Me kika kawo mini a jakar?"